Haƙorin Gwada Masara

Mahaifina mai sayen hatsi ne. Da kaka yakan bi kasuwannin da ke yankin Malumfashi da Funtuwa, su Dayi da Ƙarfi da ƙananan da ke kusa da su, ya saya wa manyan 'yan kasuwa masara da waken suya, a zuba a sito a ajiye. Abin da ya sa ake ba shi wannan amana, a iya fahimtata, abu ɗaya ne: masarar da ya saya ba ta yin fumfuna a buhu. Kuma ba shi da wani ma'auni sai haƙori guda, turmin ƙasa na ɓangaren hagu. Zai zura hannu can cikin buhu, ya zaro ƙwara, ya jefa a baki, ya tura ta da harshe zuwa kan wannan haƙorin, ya datsa. Daga nan ko dai ya ce "a ɗinke," ko ya ce "a mayar a shanya." Ban taɓa jin ya faɗi kalma ta uku ba.

A shekarar da na dawo daga bautar ƙasa, ina ɗan koyarwa a wata makaranta a cikin gari, haƙorin ya fara ciwo. Tun damina na ƙarewa ne, masara na tsaye a gona ba a fara karya ba. Inna, wato mahaifiyata, ta daka kanumfari ta ba shi ya danna a wurin, ta haɗa masa ruwan gishiri mai ɗumi. Da abin ya ƙi, sai ya je wurin wani mai magani a kasuwa, wanda ya turara masa hayaƙi a baki, ya nuna masa wasu ƙananan fararen abubuwa a cikin kwanon ruwa, ya ce ga tsutsar ta fito. Baba ya dawo gida da murna, ya kwana biyu yana murnar, ciwon bai tafi ko'ina ba.

Sai kuma wata safiya ciwon ya ɗauke ɗif. Inna ta ce ai tsutsar ce sai yanzu ta ƙarasa mutuwa. Bayan ɗan lokaci wani ƙurji ya fito a dasashinsa daidai gindin haƙorin, yakan fashe ya sace, ya sake cika. In ya tauna tuwo ta nan sai ya yamutsa fuska. Na shiga waya na yi ta karatu. Ina ganin na karanta fiye da yadda ya kamata, domin kafin in fara tsoro ɗaya nake da shi, da na gama kuwa na tara da yawa. Da ƙyar na shawo kansa muka shiga mota zuwa Funtuwa wurin likitar haƙori.

Likitar mace ce, ba za ta girme ni da yawa ba. Ta duba, ta ɗan ƙwanƙwasa haƙorin da wani ƙarfe, ta ɗauki hoto, sannan ta zaunar da mu. Ta ce ruɓewar ta kai can ciki, jijiyar da ke tsakiyar haƙorin ta mutu, shi ya sa ciwon ya ɗauke, ba warkewa ba ce. Yanzu cutar ta gangara ƙasan saiwa, ita ce take fitar da ƙurjin. Hanya biyu ce. Ko a cire haƙorin, ko kuma a huda shi, a kwashe matacciyar jijiyar, a wanke cikin saiwar, a cike, daga ƙarshe a sa masa hula don kada ya fashe.

Baba ya ce, "To 'yar nan, in kin kwashe jijiyar, da me zan ji masara?"

Ta ce, "Za ka ci komai, Baba. Har gasasshiya."

"Ba ci nake nufi ba."

Ya dube ni, sai na yi mata bayanin sana'arsa. Ta ajiye abin da ke hannunta ta ce gaskiya ba a taɓa yi mata wannan tambayar ba. Ta ce jijiyar ciki zafi da sanyi da ciwo take ji. Amma jin nauyin abin da aka datsa, yawanci daga wasu siraran zaruruwa yake zuwa, waɗanda suka riƙe haƙori a jikin ƙashi ta waje, kuma su ba za a taɓa su ba. "Don haka zai ji. Amma ko zai ji daidai yadda ka saba, wannan ba zan yi maka alkawari ba, Baba, ban taɓa sayen masara ba."

A mota muna komawa ya ce mini, "Kai da ka yi boko, e ta ce ko a'a?"

Na ce, "Kamar dai e ta ce, amma ba e gaba ɗaya ba."

Ya juya ya kalli gonaki har muka iso Malumfashi.

A gida kowa ya zo da nasa. Inna ta ce ita dai a bar maganar taɓa jijiya, don ta ji labarin wata mata da aka taɓa wa jijiyar haƙori idonta ya mutu. Na ce mata ko masu faɗin haka ma haƙorin sama suke nufi, na Baba kuwa na ƙasa ne, kuma na tambayi likita ta ce babu wannan maganar ko a sama ko a ƙasa.

Inna ta ce, "Jijiya ta san sama da ƙasa ne? Ai duk a kai ɗaya suke."



Da yamma Alhaji ya zo. Abokin Baba ne tun na yarinta, sana'arsu ɗaya, kuma ba su taɓa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya zauna a tabarmar zaure ya ce, "Malam, a fizge shi kawai a huta. Ni uku aka cire mini, ga ni garau."

Baba ya ce, "Shi ya sa kake kwasar ɗanyar masara kana cika wa mutane sito da fumfuna."

"Ni dai ba na yawo da gawa a baki. Haƙorin da aka kashe ai mushe ne. Da shi za ka riƙa tsayawa a sahu?"

Ina jin wasa yake yi, amma Baba bai yi dariya ba, ni ma maganar ta tsaya mini. Washegari bayan azahar na tsaya na tambayi limamin masallacinmu. Ya dube ni ya ce farcen da ke hannuna yana jin wani abu in na yanke shi? Na ce a'a. Ya ce to da shi nake sallah ko cire shi nake yi in ajiye a bakin ƙofa? Na dawo na gaya wa Baba, ya ce shi dama bai damu ba. Amma na ga ya saki fuska.

Akwai kuma abin da na karanto a waya, wanda da na sani da ban kawo shi zaure ba, ko da yake har yau ina ganin ɓoye masa ma ba daidai ba ne. Wasu sun rubuta cewa haƙorin da aka yi wa irin wannan aiki yakan zama maɓoyar cuta, ya riƙa zuba wa jiki guba a hankali. Wasu kuma, waɗanda suka fi kama da likitoci, sun ce tsohuwar magana ce da aka daɗe da watsarwa, kuma barin ruɓaɓɓen haƙorin a yadda yake shi ne haɗarin. Na karanta wa Baba duka biyun, don kada in zaɓar masa.

Ya ce, "Kai a wane ɓangare kake?"

"Na fi karkata ga na biyun. Sai dai ban karanta duka ba."

"Yaushe za ka gama karanta duka?"

A ƙarshe shi ya yanke da kansa, kuma ba da abin da na karanto ya yanke ba. Ya tambaye ni ko datse saiwar likitar za ta yi, kamar yadda ake yi wa bishiyar da ake so ta bushe a tsaye. Na ce a'a, wannan kam na tabbata, saiwar tana nan, cikinta kawai za a share. Ya ce to in an cire haƙorin ba shi da komai, in an bar shi yana da ko da rabin abu. Muka koma Funtuwa.

Ranar aikin farko na zauna a benci a waje ina jiran in ji ihu. Duk wanda muka gaya wa sai ya kama baki ya ce ai wannan aikin ya fi cirewa azaba. Na ƙudurta cewa in na ji muryarsa zan shiga, ko da yake ban san abin da zan yi ba in na shiga. Babu abin da na ji sai ƙarar ɗan injinta. Da ya fito leɓensa na ƙasa ya saki saboda allura, yana magana kamar mai ruwa a baki. Ya ce allurar ce kawai ta ɗan cije shi, bayan nan har gyangyaɗi ya so yi, sai dai muƙamuƙinsa ya gaji da hangamewa.

Likita ta biyo shi waje ta ce mu saurara da kyau. Abin da ta sa a ramin cikon wucin gadi ne, akwai magani a ƙarƙashinsa. Aikin bai ƙare ba. Sai ya dawo ta ƙarasa wankewa ta cike, sannan a auna hula. Kafin nan haƙorin kamar tukunya ce da aka rarake cikinta, kada ya datsa wani abu mai tauri da shi.

Baba ya ce, "Kaka fa ta shigo, 'yar nan."

"Na sani, Baba. Ban da masara."

Da muka dawo gida Baba ya gwada ɗaya ɓangaren, na dama. Ya ce ba ya gane komai, kamar cin tuwo da hagu. Ya kwana yana tunani, da safe ya ce tunda makarantarmu na hutun tsakiyar zango, in shirya in raka shi kasuwa, haƙorana lafiyarsu ƙalau. A zaure ya zube mini masara iri biyu. Ya ce busasshiya takan ce ƙas ta tarwatse, mai danshi kuwa lotsewa take yi ta manne. Waɗannan biyun na gane su nan take. Matsalar ita ce yawancin masarar da ake kawowa kasuwa a tsakani take. Na tambaye shi yadda ake gane ta tsakanin. Ya ɗaga hannu zai kwatanta, ya sauke, ya ce shi ma bai san yadda ake faɗinsa ba, ji kawai yake yi.

Haka muka fara. Ya zura hannu a buhu ya miƙo mini, ni kuma in datsa, manomi da masu ɗinki da masu dako duk sun zuba mini ido.

"Yaya?"

"Ina ganin ta bushe. Sai dai kamar akwai ɗan laushi a tsakiya. Ko kuma haƙorina ne bai saba ba."

Alhaji, wanda rumfarsa ke kusa, ya ɗaga murya: "Malam, ka ba shi takarda da biro mana, ya rubuto maka amsa zuwa jibi!"

Baba ya ce, "Ka bar shi. Ko a haka ya fi wawulon bakinka."

Ya kare ni a gaban mutane, amma ina ganin yadda yake murza ƙwarar a tsakanin yatsu, yana kai ta kusa da baki yana fasawa. Wani buhun ya saya, wani ya bari, kuma ban san ko da maganata yake aiki ba ko da fuskar manomin.

A cikin kwanakin nan ƙurjin ya baje, bai sake dawowa ba. Ba ciwo, ba kumburi. Ranar komawa Funtuwa ta zo daidai da ranar kasuwa, Baba ya ce a ɗaga. Ya ce shi a ganinsa ma aikin ya ƙare, abin da ba ya ciwo me za a sake yi masa? Alhaji ya ce ai dama haka suke, sai su yi ta ce maka ka dawo. Na tuna wa Baba cewa wancan karon ma da ciwon ya ɗauke ba warkewa ba ce. Ya ce wancan daban, wannan an yi aiki. Na ce haka ne, amma ba a gama ba. Ya ce, "Ka tabbata?" Na ce likita dai haka ta ce. Ya ce ba likita ya tambaya ba.

A kasuwar Dayi abin ya faru, da hantsi. Wani manomi daga wajen Matazu ya sauke farar masara buhuna da yawa, mai kyau, manyan ƙwara. Alhaji ma ya taso yana zagaya ta. Baba ya zaro ya miƙo mini. Na datsa ɗaya ta ce ƙas. Na nemi ta biyu, ita kuma kamar ta ɗan yi jinkiri kafin ta fashe. Na nemi ta uku.

Manomin ya ce, "Malam, in ɗan naka yunwa yake ji a auna masa mudu."

Alhaji ya ce, "Ni in kun gama taron zan ɗauka duka."

Baba ya ce, "Yaya?"

Na ce, "Wasu sun bushe. Wasu kuma ba zan ce ba su bushe ba, amma..."

Ban ƙarasa ba. Hannunsa ya riga ya kai baki. Na ga harshensa ya tura ƙwarar hagu, inda ya saba tura ta tun ban san kaina ba, kuma ina zaton shi kansa bai yi shawara da kansa ba. Muka ji ƙara, ba irin ta masara ba. Ya tsaya cak. Sannan ya tofa a tafin hannunsa.

Fararen gutsattsari ne, manya da ƙanana. Masarar fara, cikon fari, haƙorin ma kusan fari. Ni da Alhaji da manomin muka sunkuya a kan tafin hannunsa muna tonawa da yatsa. Alhaji ya ce wannan haƙori ne. Manomin ya ce a'a, hancin masara ne. Na ɗauki wani na murza, ya zama gari, ban san ko ciko ba ne ko masara. Alhaji ya daina dariya, ya ce, "Malam, buɗe in gani." Baba ya ƙi.

Da ya yi magana, abin da ya ce shi ne, "A mayar a shanya."

Manomin ya riƙe haɓa. "Ba ta bushe ba, kuma ta fasa maka haƙori?"

Masu dako suka fashe da dariya. Wani ya ce wataƙila tsakuwa ce ta biyo. Muka sake dubawa ba mu ga tsakuwa ba. Har yau ban san abin da ya fasa shi ba. Na juye gutsattsarin duka a cikin hankicina na ƙulle, na ce Baba mu tafi Funtuwa yanzu. Wannan karon ban sa "wataƙila" ba, shi ma bai yi musu ba.

A mota ya rufe baki da hannu, yana ta taɓa wurin da harshe. Mun yi nisa kafin ya ce, a hankali, "Na ji ta fa."

"Me ka ji, Baba?"

"Masarar. Kafin ya fashe na ji ta. Akwai danshi."

Ban san ko in yi murna ba ko in ji tsoro. In gaskiya ne, to haƙorin yana ji ba tare da jijiyar ba, kuma mun gano haka ne a daidai lokacin da wataƙila muka rasa shi.

Likita ta kwance hankicin ta duba, ta dube mu, ba ta yi dariya ba. Ta ware da ɗan ƙarfenta: wannan masara, wannan ciko, wannan kuma gefen haƙori ne. Ta ce abin da za ta duba yanzu shi ne inda tsagar ta tsaya. In a sama ta tsaya, za a iya ginawa a sa hula. In ta gangara cikin saiwa, babu sauran dabara, sai cirewa. Baba ya kwanta a kujerar. Wannan karon na ƙi fita, na tsaya a jikin bango. Ta daɗe tana dubawa da fitila da madubi, ta sake ɗaukar hoto, ta sake dubawa. Ina kallon yatsun ƙafarsa suna motsi a cikin takalmi.

Ta ce, "Allah ya taimake ka, Baba. Ba ta kai ba. Kaɗan ya rage."

Sai da ta sake wanke cikin, tunda ya buɗe yawu ya shiga. Daga ranar Baba bai sake ɗaga ranar zuwa ba, ko ta faɗo ranar kasuwa. Sauran kakar ni na ci gaba da datsa masa masara a ranakun da ba ni da aji, da duk "ina ganin" ɗina, shi kuma hannunsa na dama yana cikin aljihu.

Ranar da aka sa hular, likita ta ce yanzu zai iya cin abinci yadda ya saba, amma ita dai ba ta son wannan datsar busasshiyar masara, ko ga lafiyayyen haƙori ma.

Baba ya ce, "Hanawa kika yi ko shawara ce?"

Ta ce, "Shawara ce. Amma mai ƙarfi."

Ya dube ni ya ce, "Ashe ita ma irinka ce."

Bai gwada a ranar ba. Sai bayan kwanaki, a sito, ba kowa sai ni da shi, ya zaro ƙwara ɗaya ya daɗe yana juya ta. Ya sa a baki, ya datsa a hankali. Na jira.

"Yana ji," ya ce. "Amma kamar ana yi maka magana daga bayan ƙyaure."

Na tambaye shi ko hakan ya isa. Ya ce bai sani ba tukuna.

Haƙorin yana nan har yanzu. Inna takan sa shi ya rufe ido ɗaya ya karanta mata kalandar da ke bango, ta ce tana dubawa ne kawai. Alhaji yana kiransa mai haƙorin aro. Ni kuma duk kaka, in ba ni da aji, ina bin sa kasuwa, kuma ni yake fara miƙa wa ƙwarar. In na ce "ta bushe" na yi shiru, sai ya ce a ɗinke. In na ce "ba ta bushe ba," a mayar a shanya. Sai in ya ji na fara da "ina ganin" ne yake zura hannu a buhu ya zaro tasa, ya tura ta hagu, ya datsa a hankali, ni kuma in kau da kai har sai na ji irin ƙarar da ta fito.